Littafin Italiya na 1486 kan korarru, da tambayar da sulhun Batsari da Safana bai amsa ba

Kalmar da jaridun Turanci ke kiran 'yan bindigar Dajin Rugu da ita, wato "bandit", daga Italiya ta samo asali, kuma a kotu aka haife ta. A harshen Italiyanci na ƙarni na 13 zuwa na 16, "bandito" shi ne mutumin da hukumar birni ta yi shelar korarsa, ta cire masa rigar kariyar doka. Matsayin irin wannan mutum ya dami masana shari'a na wancan zamani har suka wallafa littattafai sukutum a kansa. Mafi shahara a cikinsu shi ne De bannitis, ma'ana "Game da korarru", na wani lauyan birnin Florence mai suna Nello da San Gimignano, wanda aka buga a garin Pescia a shekarar 1486.

Kwafin wannan bugu da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne, suna ajiye a ɗakunan adana tsofaffin littattafai inda sai da izini ake taɓa su. Amma tambayoyin da ke cikinsa suna raye a ƙauyukan Batsari da Safana. Wa ke da ikon cewa wane ya fita daga inuwar doka? Idan ya fita, ya halatta kowa ya kashe shi? In ya ce ya tuba, wa zai karɓi tubar, kuma ina makomar haƙƙin wanda aka kashe wa uba ko aka kore wa shanu? Masana shari'ar Italiya da malaman Malikiyya da alƙalan Katsina suka gada sun bi hanyoyi mabambanta, amma a kan tambaya ta ƙarshe sun tsaya kusan wuri ɗaya: hukuma na iya yafe nata, ba ta iya yafe na wanda aka zalunta.

Littafin da zamaninsa

An haifi Nello a 1373 a San Gimignano, wani ƙaramin gari a yankin Tuscany, ya yi aikin lauya da jakadanci a Florence, ya rasu a 1430. Ya rubuta littafinsa a farkon shekarun 1420, lokacin da ba a san injin ɗab'i ba a Turai, don haka shekaru sama da sittin ana kwafarsa da hannu. Fasahar Gutenberg ta bayyana a Jamus a shekarun 1450, ta shiga Italiya a 1465, ta isa Venice a 1469. Ba a jima ba littattafan shari'a suka zama cikin hajar da ta fi kawo wa maɗaba'u kuɗi, domin lauyoyi da alƙalai da ɗaliban jami'a suna da buƙata kuma suna da abin saye.

Duk littafin da aka buga a Turai kafin 1501 ana kiransa "incunabula", kalmar Latin mai nufin zanen goyo, wato littattafan jarirantakar ɗab'i. Kundin da Ɗakin Karatu na Birtaniya ke tattarawa ya ƙididdige bugu kusan 30,000 na wannan zamani. Galibi kwafi 'yan ɗaruruwa ake bugawa a lokaci guda, kuma gobara da yaƙi da laima da gara sun cinye mafi yawansu. Littattafan lauyoyi sun fi shan wahala, domin kayan aiki ne: ana buɗe su kullum, ana rubutu a gefensu, idan sabon bugu ya fito a jefar da tsohon, wani lokaci ma a yayyanka takardunsa a yi wa wani littafin bango.

Wanda ya taɓa buɗe sharhin fiƙihu bugun Misira ba zai ga baƙon abu a shafin manyan littattafan shari'ar Italiya ba. Matani na tsakiya da manyan haruffa, sharhi ya kewaye shi da ƙanana, ga taƙaitattun kalmomi da sai wanda ya yi karatu gaban malami ke iya warware su. Matanin nasu shi ne dokokin daular Rum da Sarki Justinian ya sa aka tattara a ƙarni na 6. Malaman jami'ar Bologna suka yi ta yi masa ta'aliki, har wani mai suna Accursius ya haɗa sama da 90,000 daga cikinsu a ƙarni na 13. Bayansa aka yi masu dogon sharhi, babbansu Bartolus na Sassoferrato, wanda ya koyar a Pisa da Perugia ya rasu a 1357. Aikin su Bartolus shi ne ɗinke tsohuwar dokar Rum da dokokin da kowane birni ya kafa wa kansa. Kora irin ta biranen Italiya ba ta cikin tsohuwar dokar da sigar da ake yin ta, shi ya sa ta zame musu babban fagen ijtihadi. Nello ya tattaro ra'ayoyin magabatansa, ya tsara su bisa lokuta, yana bin korar tun daga yadda ake zartar da ita, zuwa halin da korarre ke ciki, har zuwa yadda ake ɗage ta.

Yadda mutum ke zama korarre

Biranen arewacin Italiya da tsakiyarta ƙananan ƙasashe ne masu cin gashin kansu. Suna da kotuna da alƙalai, amma dogarawansu ba su da yawa, kuma iyakar maƙwabta ba ta wuce tafiyar yini. Mai laifi kan yi kisa da safe, kafin faɗuwar rana ya tsallaka ƙasar wani birni ko ya hau duwatsu. Sai kotu ta aika masa sammaci, mai shela ya kira sunansa a ƙofar gidansa da dandalin gari, a ba shi wa'adi. Idan bai bayyana ba, a ɗauki ƙin zuwansa a matsayin amsa laifi, a rubuta sunansa a rajistar korarru.

Daga ranar ya rasa abubuwa da dama. Ba ya iya kai ƙara kotu, ba ya riƙe muƙami, ana iya ƙwace dukiyarsa ko a rushe gidansa, kuma duk wanda ya ba shi masauki ko abinci zai sha tara. Idan laifin babba ne, dokokin birane da yawa sun ce wanda ya raunata shi ko ya kashe shi ba shi da laifi. Ba kowane korarre ne ɗan fashi ba. Mawaƙin nan Dante an kore shi daga Florence a 1302 saboda rigimar siyasa, aka yanke cewa za a ƙone shi in ya dawo, kuma ya mutu a gudun hijira a 1321. Sai dai talakan da aka kora ba shi da fadar da za ta karɓe shi. Ya rasa gona, ya rasa sana'a, kowa na iya farautarsa, abin da ya rage masa shi ne ya nemi irinsa a daji su haɗa ƙarfi su riƙa tare hanya. Ta haka kalmar ta sauya ma'ana daga korarre zuwa ɗan fashi, kuma da wannan ma'anar Turanci ya are ta a ƙarshen ƙarni na 16.

A taƙaice, kora dabarar hukuma ce mai ƙarancin ƙarfi. Ta kasa kama mai laifi, sai ta miƙa wa jama'a aikin. Masana shari'a sun hango haɗarin, shi ya sa suka cika shafuka da tambayoyin da ke ƙoƙarin yi wa wannan izini linzami. Shin ɗa na iya kashe mahaifinsa korarre? Idan an yi korar ba bisa ƙa'ida ba, misali ba a isar da sammaci ba, mene ne hukuncin wanda ya yi kisan? Korarren wani birni ana iya taɓa shi a ƙasar wani birnin? Abin da doka ta ƙyale ya wanke mutum daga zunubi? Duk amsoshin sun dogara ne a kan abu guda: dole a ce akwai suna a rubuce, akwai laifin da aka ambata, akwai kotun da ta bi matakai. Korarre mutum ne takamaimai. Danginsa da ƙabilarsa da masu kama da shi ba su shiga rajista don shi ya shiga ba, sai fa inda siyasa ta murɗe doka, kamar yadda aka haɗa da 'ya'yan Dante maza daga baya.

Bartolus ya yi wani ɗan littafi a 1354 kan ramuwar gayya, wato al'adar da ake ba ɗan wani birni izini ya kama dukiyar kowane ɗan birnin da aka zalunce shi a cikinsa. Ya danganta yawaitar abin da rashin wata hukuma ta sama da kowa zai kai kuka gare ta a share masa hawaye. Bai iya hana al'adar ba, sai ya gindaya mata sharuɗɗa: a fara neman haƙƙi a kotun wancan birni, a tabbatar an hana, sannan hukuma ta ba da izini. Wannan bayani ya dace da abin da mutanen yammacin Katsina suka gani da idonsu. Inda manomi da makiyayi suka yanke ƙauna daga ofishin 'yan sanda da kotu, 'yan sa-kai kan huce a kan kowane Bafulatani da suka tarar a kasuwa, 'yan bindiga su huce a kan kowane ƙauyen da ɗan sa-kai ya fito.

Ƙofar dawowa

Kora ba lallai ta zama ta har abada ba. Akwai hanyar goge suna daga rajista, kuma a birane da dama tana da ƙafa biyu. Ta farko biyan tarar hukuma, wadda ake iya ragewa ko a yafe a lokacin bukukuwa ko sauyin mulki. Ta biyu ita ce takardar sulhu daga wanda aka yi wa laifin ko magadansa. Ɓangarorin biyu ko wakilansu kan tsaya gaban marubucin da hukuma ta amince da shaidarsa, sau da yawa a majami'a, a ambaci laifin, a yi sumbar zaman lafiya, a rubuta tarar da za ta hau kan wanda ya warware alkawari. A ɗakunan adana takardu na Florence da Siena har yau akwai ɗimbin irin waɗannan takardu. Tsarin yana da tawaya, domin mai ƙarfi na iya tursasa wa raunana su sa hannu. Duk da haka ya tabbatar da cewa wanda aka zalunta yana da murya, kuma sunansa na cikin takarda.

A ƙarni na 16 wasu hukumomi suka buɗe wata ƙofar ta daban. Jamhuriyar Venice da wasu ƙasashen Italiya sun riƙa yi wa korarre afuwa idan ya kawo kan wani korarren. Har kasuwa ta buɗe, ana sayar da haƙƙin 'yantar da korarre kamar haja. Marco Sciarra, wanda ya addabi yankin Abruzzo da ƙasar Paparoma da ɗaruruwan mayaƙa, Venice ta ɗauke shi aikin soja a 1592, a shekara mai zuwa kuma wani na hannun damansa ya kashe shi don neman afuwa. Paparoma Sixtus na Biyar, wanda ya yi mulki daga 1585 zuwa 1590, ya bi hanyar takobi, aka riƙa baje kawunan 'yan fashi a Roma, amma bayan rasuwarsa fashin ya dawo. Afuwar da aka ƙulla tsakanin hukuma da mai makami kaɗai ta koya wa jama'a darasi mai muni, cewa yawan bindiga shi ke sayen gafara.

Littafin da ke kan buzun malaman Katsina

'Yan shekaru bayan an buga littafin Nello, Shehu Muhammad al-Maghili yana ƙasar Hausa, yana rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasihar mulki. Wani da ya yi karatu a wurinsa, Muhammad ɗan Ahmad al-Tazakhti, ya je Masar da Hijaz, ya dawo ya zauna a Katsina aka naɗa shi alƙali, ya rasu wajen 1529. Ahmad Baba na Timbuktu ya ambaci cewa ya yi ta'aliki a kan Mukhtasar na Shehu Khalil ɗan Ishaƙ, malamin Alƙahira da ya yi zamani da Bartolus. Tun daga lokacin Mukhtasar ya zama ƙololuwar karatun fiƙihu a zaurukan Katsina, bayan ɗalibi ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Shi ma matani ne dunƙulalle da ba ya buɗuwa sai da sharhi, irin na Dardir da hashiyar Dasuƙi, waɗanda maɗaba'un Masar suka buga daga ƙarni na 19 suka bazu har kotunan alƙalai na Arewa.

Akwai wata igiya da ta ɗaure wannan littafi da ƙasar Italiya ta yau. Khalil ya ware malamai huɗu da yake nuna ra'ayinsu da kalmomi na musamman: Lakhmi, Ibn Yunus, Ibn Rushd da Maziri. Biyu daga cikinsu nasabarsu na komawa tsibirin Sisili, wanda Musulmi suka mulka bayan alƙalin Ƙairawan Asad ɗan Furat ya jagoranci runduna zuwa can a 827. Ibn Yunus ana yi masa laƙabi da Basisile, Maziri kuwa sunansa daga garin Mazara ya fito. Daga baya igiyar ta juya: bayan Italiya ta mamaye Libiya, Ignazio Guidi da David Santillana sun fassara Mukhtasar zuwa Italiyanci aka buga a Milan a 1919, shekaru uku bayan F. H. Ruxton ya fitar da taƙaitawarsa da Turanci don jami'an mulkin mallaka na Najeriya.

Babin da ya shafi Dajin Rugu a wannan littafi shi ne na hiraba, wanda tushensa ke aya ta 33 da ta 34 ta Suratul Ma'ida. A wurin Malikiyya, muharibi shi ne mai tare hanya don hana wucewa, ko mai ƙwace dukiya ta yanayin da agaji ke da wuyar zuwa, a daji ne ko a cikin gari. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus ya ƙara da cewa wanda ya yi amfani da makami ya keta mutuncin mata ya fi mai ƙwace dukiya cancantar wannan suna. Wanda aka kawo wa hari yana da damar kare kansa, kuma an so ya fara yi wa maharin magiya da Allah idan hali ya yi. Zartar da haddi kuwa aikin shugaba ne bayan an tabbatar da laifi. Mazhabar ba ta san wata rajista da ke halatta wa kowa jinin mutum a duk inda aka gan shi ba.

Idan an kama muharibi kafin ya tuba, kuma ya yi kisa, hukuncinsa kisa ne, afuwar magada ba ta hana shi, domin laifin ya shafi amincin jama'a baki ɗaya. Idan kuwa ya zo wa shugaba da kansa yana mai miƙa wuya, ko ya bar abin da yake yi tun ba a ci ƙarfinsa ba, haddin hiraba ya faɗi. Amma abin da ya faɗi haƙƙin Allah ne kawai. Haƙƙin mutane na nan daram. Magadan wanda aka kashe su ke da zaɓi: ƙisasi, ko sulhu a kan diyya, ko yafewa. Dukiyar da ke hannunsa a mayar, wadda ya cinye ta zama bashi a wuyansa. Khalil ya tsaurara har ya ce kowane ɗaya daga cikin gungun ana iya bin sa dukan abin da gungun ya ƙwata. Ya kuma sauƙaƙa wa waɗanda aka zalunta hanyar hujja: ana karɓar shaidar mutum biyu daga cikin ayarin da aka tare a kan abin da aka yi wa 'yan uwansu, kuma dukiyar da aka samu a hannun 'yan fashi ana ba wanda ya yi da'awarta bayan an ɗan jira ya kuma yi rantsuwa. Wanda ya san rikicin shanun sata zai gane amfanin wannan ƙa'ida.

Abin da ya faru a Batsari da Safana

Ƙananan hukumomin biyu suna bakin Dajin Rugu, wanda ya miƙa har cikin Zamfara. Yankin ba baƙon tashin hankali ba ne, domin a ƙarni na 19 shi ne fagen hare-hare tsakanin masarautar Katsina da Katsinawan Maraɗi, kuma garin Ruma ya yi suna da mayaƙa. A ƙarni na 20 ƙasar ta lafa, ta zama ta noma da kiwo, rogon Batsari ya shahara a kasuwannin jihar. Daga farkon shekarun 2010 satar shanu ta ƙazanta, ta rikiɗe ta koma garkuwa da mutane don kuɗin fansa, da ƙone ƙauyuka, da ɗora wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu.

A watan Satumban 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zagaya ƙananan hukumomi takwas na bakin daji, har da Batsari da Safana, ya zauna da shugabannin 'yan bindiga. Aka saki wasu da hukuma ke tsare da su, su ma suka sako wasu da suka sace, aka haramta ayyukan 'yan sa-kai. Ba a yi wata shida ba, ranar 14 ga Fabrairun 2020, aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a Batsari, aka kashe mutum kusan 30, cikinsu har da tsofaffi da ƙananan yara. A tsakiyar shekarar gwamnan ya bayyana cewa an ci amanar sulhun, ya janye. A Disamba aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnan ya yi kira ga jama'a su nemi makamin kare kai, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar.

A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin na ta'addanci, gwamnatin tarayya ta sanar da wallafa umarnin a jaridar gwamnati a Janairun 2022. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya hau mulki a 2023 yana cewa ba zai nemi sulhu da 'yan bindiga ba, ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoban shekarar. Sai ga shi a 2025 an shiga wani sabon zagaye, wanda aka ce al'ummomi ne da kansu suka ƙulla. Batsari na cikin na farko, Jibiya da Ɗanmusa da Safana da wasu suka biyo baya. An sako mutanen da aka sace, an miƙa wasu bindigogi, hanyoyi da kasuwanni sun buɗe. An kuma ga hotunan taruka inda 'yan bindiga suka zo rataye da makamansu suka koma da su.

Babu adalci a zargin manomin Runka ko na Wagini don ya yi maraba da wannan lafawa. Wanda ya shekara biyar bai kwana da ido biyu rufe ba ya fi kowa sanin cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Tambayar ita ce wane irin abu aka ƙulla. A ma'aunin Khalil, tubar da ke kayar da haddi ita ce ta wanda ya bar abin da yake yi ya miƙa wuya. Wanda ya zo taro da bindigarsa ya gindaya sharuɗɗa ya koma daji, abin da aka yi da shi tsagaita wuta ne, kuma tsagaita wuta na da amfaninta muddin an kira ta da sunanta. A ma'aunin Nello kuwa, ƙafa ɗaya ce ta taka ƙasa. Shugabanni sun yi magana da masu makami, amma takardar da ke ɗauke da sunan matar da aka kashe wa miji, da abin da aka biya ta ko ta yafe da bakinta, ba ta cikin abin da aka nuna wa jama'a.

Wannan ma'auni yana yanka ta kowane ɓangare. Makiyayin da 'yan sa-kai suka kashe wa ɗa a hanyar kasuwa ba tare da wata kotu ta kira sunansa ba, shi ma mai haƙƙi ne, kuma shugabannin 'yan bindiga sun daɗe suna fakewa da irin wannan koke. Lissafin da zai ƙirga jinin wani ya tsallake na wani ba zai kashe wutar ba.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Ayyana ƙungiya a matsayin ta ta'addanci bai yi daidai da korar Italiya ba. Ya mayar da shiga ƙungiyar da tallafa mata laifi, amma bai ba farar hula izinin kashe wanda yake zargi ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare ran kowa in ban da yanayin da ya lissafa, kamar kare kai, sashe na 36 kuma ya ce kowa mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar.

A ɓangaren afuwa, sashe na 212 ya ba gwamna ikon yafe laifin da dokar jiha ta kafa, bayan ya tuntuɓi majalisar ba da shawara, sashe na 211 kuma ya ba babban lauyan jiha ikon janye ƙara. Laifukan ta'addanci suna ƙarƙashin dokar tarayya ta 2022, afuwarsu na hannun shugaban ƙasa a sashe na 175. Shugaban ƙaramar hukuma da hakimi ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan iko, ko Sarkin Ruma ne a Batsari ko Yariman Katsina a Safana, duk da cewa su ne suka fi kusa da jama'a kuma su ake sa wa gaba a wurin taro. Afuwar hukuma kuma tana ɗauke hukunci ne, ba ta share damar wanda aka cuta ta neman diyya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba kotu ikon umartar a biya wanda aka yi wa laifi, kuma Katsina na da dokar laifuka ta Shari'a tun 2001 wadda ta ginu a kan fiƙihun Malikiyya.

Saboda haka kayan aikin suna nan a littafin malam da na lauya. Abin da matasan da ke bibiyar wannan al'amari za su iya nema daga wakilansu a majalisar jiha da shugabannin ƙananan hukumomi ba mai wuyar faɗa ba ne. A wallafa sharuɗɗan kowane sulhu a rubuce, a san wanda ya sa hannu da ikon da ya dogara da shi. A buɗe rajistar waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace da dabbobin da aka kora, gunduma gunduma, ta haɗa manoma da makiyaya. A kafa zaman da alƙalai za su saurari masu haƙƙi, wanda ya so diyya a ƙayyade masa, wanda ya so yafewa ya yafe da kansa ba a yafe a madadinsa ba. Duk wanda za a saki daga tsare a faɗi ta wace ƙofar doka ya fita. A kuma fayyace abin da zai biyo baya idan wani ɓangare ya warware alkawari.

Sulhun 2019 bai kai wata shida ba aka yi jana'izar mutanen Tsauwa da Dankar. Magadansu na nan da rai, kuma a hukuncin Mukhtasar da ake karantawa a zaurukan Batsari da Safana, jinin da aka zubar ranar 14 ga Fabrairun 2020 bashi ne da babu gwamna ko hakimin da zai iya yafe shi a madadinsu.